Zaibar Masu Haƙar Zinariya Da Makomar Cinikin Kifi A Taraba

JALINGO – Zaiba, wadda wasu ke kira makuri, ita ce hanya mafi arha da ƙananan mahaƙa ke bi wajen tace zinariya. Sukan cuɗa ta da niƙaƙƙen dutse ta kama zinariyar, sannan su ƙona curin, zaibar ta tashi da hayaƙi, saura kuma ya bi ruwan wanki zuwa rafi. Bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2015, wannan sana'a ce ke fitar da kimanin kashi 38 cikin ɗari na zaibar da ɗan Adam ke saki cikin iska.

Abin da ya sa batun ya shafi 'yan kasuwar Taraba shi ne inda ruwan ke zuwa. Ana haƙar zinariya a tsaunukan Gashaka da kewayensu, kuma daga can kogin Taraba ke gangarowa ya faɗa Binuwai, inda fadamun Gassol da Ibi ke samar da kifi da shinkafa.

Zaibar da ta shiga ruwa ba ta cika yin mummunar illa ba sai ta kwanta cikin taɓon da babu iska. A nan ne wasu ƙwayoyin halitta ke juya ta zuwa wani nau'i mai dafi da ke maƙalewa a tsokar dabba. Ƙaramin kifi ya ci ƙwaro, babba ya ci ƙarami, dafin yana ta ninkuwa, har ya fi yawa a jikin irin su giwan ruwa da tsage. Banda ko dahuwa ba sa fitar da shi. Yana lalata jijiyoyi, musamman ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki.

Misalin da ya fi bayyana hasarar shi ne na Babban Tafkin Gishiri da ke jihar Utah ta Amurka. Kasancewar tafkin ba shi da mafita, ruwa kawai ke ƙafewa, duk abin da ya shiga sai ya zauna. A shekarar 2003 masu bincike na gwamnatin Amurka suka sami wannan dafi mai yawan gaske a ƙarƙashin ruwan, a 2005 kuma hukumomin jihar suka gargaɗi jama'a game da cin naman wasu agwagin daji na fadamun tafkin. Fadamun Binuwai ba na gishiri ba ne, amma kwantaccen ruwa da ruɓaɓɓiyar ciyawa na iya yin aiki iri ɗaya.

Ta fuskar tattalin arziki, matsalar ita ce mai zuba zaibar ba shi ne ke biyan kuɗin ɓarnar ba. Mahaƙi ya sayar da zinariyarsa ya tafi, masunci da dillalin banda da manomin fadama su ne ke gadon hasarar, domin da zarar sunan kifin wani yanki ya ɓaci, farashinsa ya faɗi ke nan. A garin Minamata na Japan, inda aka gano cutar zaiba a 1956, sai a 1997 aka bayyana cewa kifin gaɓar ya koma lafiya.

Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Minamata a 2018, wadda ta wajabta rage amfani da zaiba a haƙar zinariya. A 2023 kuma Gwamna Agbu Kefas ya ba da umarnin dakatar da haƙar ma'adinai a Taraba. Sai dai hani kaɗai kan tura mahaƙa cikin daji ne. Abin da zai fi amfani shi ne yi musu rajista, a samar musu da tukunyar ƙona curi mai murfi wadda ke mayar da zaibar maimakon ta tashi, a kuma riƙa auna kifin Binuwai a kai a kai. Ƙungiyoyin masunta da dillalan kifi su suka fi cancanta su matsa a yi wannan awo, tun da jarinsu ne ke cikin ruwan.