Tundurmi ba jifa ba ne: Abin da kaluluwarka ke ƙoƙarin gaya maka

Mai karatu, ka taɓa yin tuntuɓe a filin ƙwallo, ko kara ya soke ka a gona, bayan kwana biyu ka ji wani ɗan ƙululu ya fito maka a matsematsi, har kana ɗingishi? Kaluluwa ke nan, kusan kowa ya yi ta. A gidanmu idan ta fito, Kaka ce ke jiƙa tsumma a ruwan ɗumi ta gasa mana, ta ce kwana uku za ta baje. Kuma takan baje ɗin. Abin da ban taɓa tambaya ba shi ne, ciwo yana yatsa, me ya kai kumburi matsematsi? Wace hanya ya bi?

Sai a hutun da ya wuce tambayar ta dawo mini, a ƙauyen kakannina da ke tsakanin Funtua da Bakori. Kawuna manomi ne, masara da auduga da damina, tumatir a fadama da rani. Ƙafarsa ta hagu ta kusa ninka ta dama, fatar ta yi kauri, ba takalmin da ke shigar ta. Sau uku ko huɗu a shekara zazzaɓi mai zafi yakan kwantar da shi, ƙafar ta yi jawur, ko taɓawa ba ya so a yi. Bara abin ya faɗo masa daidai lokacin noman farko, sai da ya sayar da awaki biyu ya biya 'yan ƙwadago. A gari kuwa magana ɗaya ce: jifa aka yi masa saboda rikicin gonar gado. An kai shi wurin wanzami, an yi tsaga, an yi ƙaho. Ƙafar sai ƙaruwa take.

Ni aikin jarida nake karanta, ba likitanci ba. Amma an koya mana cewa idan kowa ya yarda da labari ɗaya, a nan ne ya kamata ɗan jarida ya fara bincike. Ga abin da na samo.

Magudanar da ke cikin jikinka

Ban da jijiyoyin jini, akwai wasu siraran hanyoyi a jikinka da likitoci ke kira jijiyoyin limfa. Kullum wani ruwa yana tsatsowa daga jijiyoyin jini ya shiga tsakanin tsoka da fata. Waɗannan hanyoyi ne ke kwashe shi su mayar cikin jini. A kan hanya akwai shingayen bincike a matsematsi da hammata da wuya, inda sojojin garkuwar jiki ke tare ƙwayoyin cuta. Idan faɗa ya kaure a shingen sai wurin ya kumbura. Kaluluwarka ke nan, alama ce cewa jikinka yana aiki.

Ka tuna yadda unguwa ke komawa a watan Agusta idan leda ta toshe kwalbati? Ruwa ba shi da wurin zuwa, sai ya kwanta a ƙofar gida. To haka ƙafa take idan waɗannan hanyoyi suka lalace.

'Yar ƙofar da ake kira LYVE-1

Shekaru da dama masu bincike suna shan wahalar bambance jijiyoyin limfa da ƙananan jijiyoyin jini a madubin likita, don kamarsu ɗaya. A 1999 ne David Jackson da Suneale Banerji da abokan aikinsu a Jami'ar Oxford da ke Ingila suka bayyana wani furotin da ke zaune a fatar cikin jijiyoyin limfa, suka sa masa suna LYVE-1. Tun daga nan ya zama kamar shaidar da ake yi wa dabba a garke: a shafa sinadarin da ke kama shi, jijiyoyin limfa su fito fili. Da shi ake bin sawun yadda ciwon daji ke yaɗuwa ta waɗannan hanyoyi.

Aikinsa shi ne kama wani sinadari mai yauƙi da ake kira hayaluronan. 'Yan mata, ku duba kwalaben man gyaran fuskarku, za ku ga an rubuta hyaluronic acid. Shi ne dai. Ƙanwata tana kashe kuɗin makarantarta a kansa, ba ta san jikinta yana yin nasa kyauta ba. Karl Meyer da John Palmer ne suka fara ciro shi a 1934 a Amurka, daga ruwan idon saniya. Yana cikin fata da gaɓoɓi da ido, yana riƙe ruwa.

A 2017 masu binciken Oxford suka nuna cewa wasu ƙwayoyin garkuwar jiki, masu kai rahoton cuta zuwa shingen bincike, sukan lulluɓe kansu da rigar hayaluronan. Da wannan riga suke manne wa LYVE-1 su shige cikin jijiyar. Ka ɗauke shi a matsayin maigadin da kaki kawai yake dubawa.

Matsalar ita ce akwai sojan gona. Wata ƙwayar cuta mai suna sitireftokokas, wadda ke kawo ciwon maƙogwaro da kumburin fata, ita ma da rigar hayaluronan take yawo. A 2015 masu bincike a Landan da Oxford suka gwada a jikin ɓeraye, suka ga da wannan riga take kama LYVE-1 ta bi jijiyoyin limfa zuwa shingayen bincike. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Sauro ne ya fara, ƙwayar cuta ta ƙarasa

Tundurmin da aka fi sani a Afirka wata siririyar tsutsa ce ke kawo shi, mai suna Wuchereria bancrofti. Sauro ke ɗauko ta daga jinin wani ya zuba wa wani, kuma a karkararmu galibi sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro ne. Tun 1877 wani likita, Patrick Manson, ya gano a ƙasar Sin cewa 'ya'yan tsutsar suna girma a cikin sauro. Uwar takan zauna a jijiyoyin limfa shekara 6 zuwa 8, tana zuba miliyoyin 'ya'ya a jini. 'Ya'yan nan da tsakar dare suke fitowa yawo a jini, daidai lokacin da sauro ke farauta.

Ka ga ke nan yankinmu ya haɗa duk abin da ake buƙata. Daga madatsar Mairuwa da Gwaigwaye zuwa gonakin rake da tumatir na Ɗanja, zuwa fadamun Ƙafur da Malumfashi, ruwan da ke ciyar da mu shi ke renon sauro. Abin tsoron kuma, yawanci tun ana yaro ake kamuwa, amma kumburin sai an girma yake bayyana. Da yawa suna ɗauke da tsutsar ba wata alama. A wasu ƙafa ce ke kumbura, a wasu hannu ko nono, a maza da yawa kuma gwaiwa ce, wadda kunya ke sa a ɓoye ta a cikin babbar riga.

Tsutsa ta lalata magudana, ruwa ya kwanta a ƙafa, garkuwar wurin ta yi rauni. Daga nan ƙwayoyin cuta, musamman sojan gonan nan, sai su shiga ta faso ko ruɓewar tsakanin yatsu ko ɗan yanka. Shi ne zazzaɓin da ke kwantar da Kawu. Kowane zuwa yana ƙara lalata jijiyoyin da suka rage, fata ta ƙara kauri. Yanzu ka gane abin da tsagar wanzami ta yi masa? Sababbin ƙofofi aka buɗe wa ɓarawo.

Ana iya kawar da shi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da cutar a shekarar 2000. Alƙalumanta sun nuna masu ɗauke da tsutsar sun ragu zuwa miliyan 51 a 2018, raguwar kashi 74 cikin 100. A ƙiyasin da aka yi a farkon shirin, kimanin maza miliyan 25 ne ke fama da gwaiwa, sama da mutum miliyan 15 kuma da kumburin gaɓa.

A Najeriya magani biyu ake rabawa kyauta sau ɗaya a shekara, Mectizan da albendazole, kuma sai gari ya sha shekara biyar a jere ko fiye kafin a yanke yaɗuwar. Ka tuna masu zuwa da doguwar sanda suna auna tsayi kafin su ba da ƙwaya? Su ne. Togo ta kawar da cutar a 2017. A wannan shekarar kuma aka sanar da cewa an katse yaɗuwarta a jihohin Filato da Nasarawa, da taimakon Cibiyar Carter. Su ma manoma ne kamar mu, su ma da sauronsu.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Sau nawa masu rabon suka zo, mu matasa muka zame, ko muka karɓa muka watsar saboda wani ya turo saƙon murya a WhatsApp cewa maganin hana haihuwa ne? Mai lafiya a ido da ya ƙi sha, ta jininsa sauro zai ɗebi tsutsar ya kai wa ƙaninsa.

Abin da ke hannunka

Idan an zo rabo ka sha, ka tsaya a kan 'yan gidanku su sha. Masu juna biyu da ƙananan yara da marasa lafiya sosai suna cikin waɗanda ake tsallakewa, kuma masu rabon sun san wannan. Ka kwana a gidan sauro, kada ka mayar da shi shingen lambu.

Idan akwai mai kumburin ƙafa a gidanku, ku fara da asibiti, ko babban asibitin Funtua ko na Malumfashi ko mafi kusa, domin ciwon ƙoda da na zuciya su ma suna kumbura ƙafa. Idan tundurmi ne, ƙwayar da ake rabawa 'ya'yan tsutsar take kashewa, ba ta mayar da ƙafa yadda take. Abin da ke rage kumburin da zazzaɓin shi ne a wanke ƙafar kullum da sabulu da ruwa mai tsabta, a tsane tsakanin yatsu da kyau, a yi wa kowane rauni magani da wuri, a riƙa ɗaga ƙafar idan an zauna ko an kwanta, a motsa ta, a sa takalmi. Zazzaɓi ya zo da jan ƙafa, a tafi asibiti ranar. Gwaiwa kuwa tiyata ce maganinta, kuma ana warkewa.

Kafin in koma makaranta na auna ƙafar Kawu da igiya, na kai wa wani mai ɗinkin takalmi a kasuwar Funtua ya yi masa na daidai da shi. Na haɗa masa da sabulu da tawul, muka kuma je asibiti tare. Har yanzu bai daina zargin ɗan'uwansa ba, ban kuma matsa masa ba. Amma Inna ta ce mini kullum bayan sallar isha'i yakan zauna bakin rijiya da bokiti, yana bin yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

Kai fa, wa ke gidanku da ya daina zuwa masallacin Juma'a ko gidan biki saboda ƙafarsa? Yau ka je ka duba shi, ka tafi da sabulu.