Sanin Tsuntsaye da Sauran Halittu a Yankin Noman Rani na Bunkure da Kura

Tun daga shekarar 1974, lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, yanayin ƙasar Bunkure da Kura da Garun Malam ya sauya. Wuraren da a da suke bushewa ƙayau da zarar damina ta ɗauke, yanzu ruwa na ratsa su ta magudanai har cikin bazara. Wannan ruwa ya kawo shinkafa da alkama da tumatir, ya kuma kawo halittu iri-iri, wasu masu amfani, wasu masu ɓarna. Manomin da bai iya rarrabe su ba yakan kashe mai taimakonsa, ya bar mai cutar da shi. Don haka sanin halittun da ke kewaye da gona ilimi ne da ya shafi aljihu da lafiya, kuma ba shi da iyakar shekaru.

Mujiya ita ce misali mafi kusa. Jama'a da dama sun ɗauke ta tsuntsuwar mugun abu, yara kuma kan jefe ta duk inda suka gan ta. Alhali kuwa abincinta ɓeraye ne, waɗanda ke yanke shinkafa a gona, suna haƙa ramuka a jikin kunyoyi har ruwa ya zurare. Duk daren da mujiya ta fita farauta, aiki take yi wa mai gona ba tare da lada ba. Haka balbela take bin garma da shanu tana tsince fara da tsutsotsi. Ita ma shamuwa, wadda dattawa ke ɗauka alamar ƙaratowar damina, fara da tsutsa take ci. Ba kowa ya san inda take tafiya bayan damina ba: kudu take nufa, har ƙasashen kudancin Afirka, sa'annan ta komo ta yi sheƙa a bishiyoyin garuruwanmu.

Jan-baki kuwa labarinsa daban ne. An ƙiyasta cewa tsuntsu ɗaya yana cin kimanin giram 10 na ƙwaya a rana, wato garken da ya kai miliyan ɗaya zai iya lashe tan 10 kafin faɗuwar rana. Asalin abincinsa 'ya'yan ciyawa ne, sai sun yi ƙaranci yake afka wa shinkafa da alkama. Yana kwana a jama'a cikin kachala da sauran dogayen ciyayin bakin ruwa. Wanda ya san haka ya san dalilin da ya sa sharar magudanai ke da muhimmanci, ya kuma san cewa gano makwancinsu da wuri a kai rahoto ga malaman gona ya fi kwana ana buga gwangwani. Abin takaici shi ne yadda wasu ke zuba guba ba tare da bambancewa ba, kurciya da hasbiya da balbela su mutu, kifin magudana ma ya tashi, jan-baki kuma ya koma gonar maƙwabci.

Ba tsuntsaye kaɗai ne abin lura ba. A cikin ruwan da ba ya gudu sosai akwai ƙananan dodon-koɗi da ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya. Ƙwan cutar na fita cikin fitsarin mai ɗauke da ita, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga jikin dodon-koɗin, daga baya ya fito ya huda fatar mai wanka ko mai dashen shinkafa. Har yanzu a wasu ƙauyuka ana ɗaukar fitsarin jini alamar balaga ga yaro, alhali ciwo ne da ke da magani a asibiti. A shekarar 2016 ma manoman Kadawa da Kura sun ga abin da ƙaramar halitta za ta iya yi, lokacin da tsutsar da suka laƙaba wa suna sharon, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta cinye gonakin tumatir cikin 'yan makonni. Tsutsar tana shiga cikin ganye ne ta ɓuya, shi ya sa feshin da aka saba bai kai gare ta ba.

Ta yaya ake koyon wannan ilimi? Makarantar farko ita ce bakin magudana da sanyin safiya. Tsofaffin manoma da mafarauta da masunta sun san sunaye da ɗabi'u: sun san guza daga damo, sun san kukan kirinjijiya da dare, sun san cewa gawo yana kaɗe ganye da damina, don haka amfanin da ke ƙarƙashinsa ya fi kyau. Ɗaliban makaranta kuma suna da littafi da biro. Idan yaro ya zauna da kakansa ya rubuta sunan tsuntsu, da watan da aka gan shi, da abin da yake ci, cikin shekara guda gidan ya mallaki kundin da babu irinsa a kasuwa. Dattijon ma zai ƙaru, domin a wurin jikansa zai ji cewa wasu ƙananan tsuntsayen da ke cika fadamu da hunturu daga Turai suke, sun ƙetaro hamadar Sahara.

Irin wannan rubutu ne ke nuna abin da ake rasawa. Ungulu, wadda a da ba a rasa ta a mahauta, ta yi wuyar gani, kuma a shekarar 2015 aka sanya ta cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. Gauraka ma sai a labari yawancin matasa suka san shi.

Ga makarantu da ƙungiyoyin manoma masu son faɗaɗa sani, akwai gidan namun daji na Audu Bako a birnin Kano, inda za a ga dabbobin da suka ɓace daga wannan yanki. Akwai kuma fadamun Haɗeja da Nguru, waɗanda ruwan Tiga ke gangarawa gare su, kuma wani ɓangarensu ya shiga jerin muhimman dausayoyin duniya a shekarar 2000. Lokacin da ya fi dacewa da ziyarar can shi ne tsakanin Disamba da Fabrairu, sa'ad da baƙin tsuntsaye suka hallara.