Uwargida, Ki Kula Da Wuyan Maigida Bayan Feshi

'Yan'uwana mata, musamman na Kadawa, Kura da Bunkure, inda noman rani ya zama abin dogaro tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974. Yau ba maganar girki ko kwalliya na zo da ita ba, maganar feshin tumatir ce.

Da yawa daga magungunan ƙwarin nan, irin su Sniper da ota-fiya-fiya, dangin guba ɗaya ne, kuma ta fata ma suna shiga. A mahaɗar jijiya da tsoka akwai sinadarin da ke kai saƙon motsi, da wani mai share shi in ya gama aiki. Gubar mai sharewar take kamawa, sai saƙo ya taru, tsoka ta yi ta rawa har ta gaji ta saki.

In maigida ya dawo daga gona yana zufa, yawu na dalala, ga amai, naman jiki na ɓari, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, to ba zazzaɓi ba ne, ba kuma iska ba ce. Cire masa tufafin, a wanke shi da sabulu, sai asibiti, a tafi da kwalbar maganin. Don Allah ban da ɗura masa madara ko manja, ban da sa shi amai, huhu suke faɗawa. Allurar atropine ce maganin.

To amma abin da ya fi damuna shi ne na bayan nan. Mutum ya farfaɗo, har dangi sun fara barka, sai bayan kwana 1 zuwa 4 tsokoki su sake saki. Daga wuya ake ganewa. Yana kwance ki ce, "Maigida, ɗago kanka daga matashi." In ya kasa, ko fatar ido ta sauko, ko ruwa na shaƙe shi, tsokar numfashi ce ke biye. Wannan kam atropine ba ta taɓa shi, sai injin numfashi, irin na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kuma akan yi mako 1 zuwa 3 kafin ƙarfi ya dawo.

Shi ya sa ni dai ba na goyon bayan masu matsa wa likita ya sallami mutum don tumatir ya nuna a gona. Ƙanensa ya je ya tsinke.