Me ya sa canza ɗan wasa ke fusata masu kallon wasannin rana a Amurka?

A Amurka akwai wasannin kwaikwayo masu dogon zango da ake nunawa da rana, daga Litinin zuwa Juma'a, ba hutu. Ana kiransu wasannin sabulu domin kamfanonin sabulu irin su Procter & Gamble ne suka ɗauki nauyinsu tun zamanin rediyo. General Hospital na tashar ABC ya fara a 1963, kuma har yau bai ƙare ba.

Wasan da ya kai wannan shekaru dole 'yan wasansa su tsufa, su gaji, ko su samu saɓani kan kuɗi. Sai a ɗauko wani ya ci gaba da hawa matakin, a sanar a farkon shiri, a wuce. A nan rigima ke tashi. Ronn Moss ya shekara 25 yana fitowa a matsayin Ridge cikin The Bold and the Beautiful kafin ya bari a 2012. Da Thorsten Kaye ya gaje shi a 2013, masu kallo suka rabu biyu. Ni ban ga laifinsu ba. Fuskar da ka saba gani kullum ta zama kamar ta ɗan gida, kuma sabo turken wawa ne.

Masu kallon shirin Hausa na Labarina ma sun ɗanɗana irin haka lokacin da Fati Washa ta maye gurbin Nafisa Abdullahi a matsayin Sumayya.

Fushin masu kallo ba kullum yake tasiri ba, ko da kan dakatar da wasa ne gaba ɗaya. A 2011 ABC ta sanar da dakatar da wasannin All My Children da One Life to Live, masoya suka yi zanga-zanga, amma tashar ba ta janye ba.