Tauraruwar Matuƙan Jirgin Ruwa: Asalin Jarfar da Ma'anarta

Tauraruwar matuƙa jarfa ce mai tsini biyar. Kowane tsini an raba shi biyu a tsaye, gefe ɗaya baƙi, ɗayan fari ko ja, har ta yi kamar ta taso daga fata. An kwaikwayo wannan rabon launi daga alamar kusurwoyi da ake bugawa a taswirar teku da fuskar kamfas. Abin da take wakilta kuwa Tauraruwar Arewa ce, wadda ta yi wa matafiyan ruwa jagora shekaru aru-aru.

Sauran taurari suna kewayawa a cikin dare, amma ita da ƙyar take gusawa, domin tana kusa da saitin ƙuryar arewa ta duniya. Wanda ya gano ta ya san arewa, daga nan gabas da yamma ba su ɓace masa. Akwai kuma amfanin da ya fi wannan: nisanta daga inda sama ta haɗu da ƙasa yana gaya wa mutum inda yake. A Birnin Konni tana tsaye wajen digiri 14. Idan mutum ya miƙe hannu ya dunƙule shi, dunƙule ɗaya da rabi ke nan sama da doron ƙasa, shi ya sa hazon hunturu ke saurin rufe ta. A Landan ta haura digiri 50. Jirgin da ya ratsa tsakiyar duniya ya yi kudu kuwa, sai ta nutse masa ɗungum. Matuƙan Larabawa na tekun Indiya, irin su Ahmad ibn Majid na ƙarni na 15, suna awon taurari da ɗan allo mai zare: a ciji ƙullin zaren da haƙori, a miƙa allon har gindinsa ya taɓa bakin ruwa, samansa ya taɓa tauraruwa.

Turawa sun san jarfa tun da daɗewa, amma ta ƙara bazuwa cikin ma'aikatan jirgi bayan James Cook ya isa tsibirin Tahiti a 1769, inda wasu mutanensa suka karɓi zanen mazauna wurin. Ba ado kaɗai ba ne. Daga 1796 gwamnatin Amurka ta riƙa ba matuƙanta takardar shaida mai bayyana kamanninsu, har da tabo da jarfa, saboda sojan ruwan Ingila kan kama mutane ya tilasta musu aiki. Gawar da ruwa ya kawo gaɓa ma, sau da yawa da zanen jikinta ake gane ta. A 1891 Samuel O'Reilly ya yi rajistar injin jarfa mai aiki da lantarki a New York, aikin ya yi sauri, ya yi araha. Daga baya masu zane irin su Norman Collins, wanda aka fi sani da Sailor Jerry, suka yi ta buga wa sojan ruwa irin waɗannan alamu a Honolulu.

A al'adar matuƙa kowace alama da abin da take faɗa. Tsattsewa tana nufin mai ita ya yi tafiyar mil 5,000 na teku, wato fiye da kilomita 9,000. Anka shaidar ƙetare tekun Atlantika ce, kunkuru kuma na wanda ya ratsa tsakiyar duniya. Akwai na camfi zalla, kamar alade da zakara a bayan ƙafa wai don kada a nutse. Tauraruwar ta fi kusa da wannan rukuni, domin tamkar laya aka ɗauke ta, fatan kada a ɓace, a komo gida lafiya. Wasu kan yi biyu a ƙirji, ja a hagu, kore a dama, daidai da fitilun gefen jirgi.

Tsakanin Konni da teku akwai ɗaruruwan kilomita, amma karanta taurari ba baƙon abu ba ne a nan, haka ma zane a jiki. Manoma sun san Kaza da ƴaƴanta, mai sammako ya san Gamzaki, madugan ayarin gishiri da ke ratsa Tenere zuwa Bilma kuwa da taurari suke riƙe hanya inda babu itace babu dutse. Zane kuma aikin wanzami ne. Tsagar gado, kamar layukan Gobirawa da ke tashi daga gefen baki zuwa kunne, ta yi aikin da takardar matuƙin Amurka ta yi: a zamanin yaƙe-yaƙe da harin bayi, fuska ke faɗin garin mutum, ko a ƙasar Adar ta Illela aka tsince shi ko a Sakkwato. Jarfar kwalliya ta mata ita ce ƙanwar jarfar matuƙa, domin wanzami kan yi ƙananan tsaga ya shafa baƙin tukunya, launin ya zauna har tsufa. Bambancin shi ne, tsagar gado jariri ake yi wa ba da shawararsa ba, matuƙi kuwa shi ke zaɓa, wani lokaci ma sai ya sha wuyar tafiya kafin ya cancanta.

Yau tauraron ɗan'adam ke nuna wa jirage hanya, kuma galibin masu tauraruwar a jiki ba su taɓa kwana a kan ruwa ba. Ƴan ci-rani da direbobin da ke kai albasar Galmi biranen gaɓa kamar Kwatano da Abijan suna ganin ta a damtsen samari da jikin riguna da huluna. A wajen mafi yawan malamai jarfa mai dawwama haramun ce, bisa hadisan Buhari da Muslim, saɓanin lalle da ke gogewa da kansa. Likitoci kuma sun tabbatar cewa allura ko askar da aka yi wa mutum biyu aiki da ita ba tare da tsabtacewa ba tana iya yaɗa ciwon hanta da sida. Cire jarfa sai da na'ura ta musamman a asibiti, a zama da yawa, kuma ba kullum tabon ke ɓacewa gaba ɗaya ba.