Maƙoƙo: abin da ke gudana tsakanin kai da wuya

Bismillahir Rahmanir Rahim. 'Yan'uwa, a zangunanmu na Salaga da Yendi da Bawku mun saba ganin maƙoƙo a wuyan mutane, musamman mata, har wasu na cewa sammu ne. Ga yadda abin yake.

A gaban wuya akwai wata tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi, likitoci suna kiranta tayiroyid. Tana ɗaukar sinadarin aidin daga abinci ta haɗa wani sinadari da ke tafiyar da ɗumin jiki da bugun zuciya da kuzari. Mai ba ta umarni wata 'yar tsoka ce a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, kamar ƙwayar wake, sunanta fituwitari. Saƙon da take aikawa ta cikin jini shi ne TSH.

Misalinsu kamar uwargida ne da ɗan garuwa. In randa ta cika sai ta rage kira, in ruwa ya yi ƙasa sai ta ƙara. To, in tsokar wuya ta rasa aidin, ko cuta ta lalata ta, sinadarinta yakan ragu a jini, ita kuwa ta kai sai ta dinga aika TSH ba ƙaƙƙautawa. Wannan matsin ne ke sa tsokar wuya girma har ta kumbura. Saboda haka galibi in gwajin jini ya nuna TSH ya hau, alamar tsokar wuya ta gaza ke nan. Mai ciwon yakan ji kasala da sanyi, ya ƙara ƙiba, fatarsa ta bushe.

Haɗarin ya fi yawa ga mai ciki, domin ƙarancin aidin yana tauye ƙwaƙwalwar ɗan da ke cikinta. Babba yana buƙatar mikirogiram 150 a rana, mai ciki kuwa 250. Tun 1996 dokar Ghana ta wajabta sa aidin a gishiri. Mu sayi irin wannan, mu ajiye shi a rufe, nesa da rana da danshi.

Wanda likita ya ɗora a kan ƙwayar levothyroxine kada ya daina don ya ji sauƙi: maganin ne ya cika randar, da ya bari TSH zai sake hawa. A watan azumi ya tambayi likitansa lokacin sha, domin ana shan ta ne ciki babu abinci. Duk wanda ya ga kumburi a wuya ya je asibiti da wuri.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.