Yaron da Ba Ya Amsa Kira: Haƙƙinsa a kan Iyayensa

Darasinmu na yau ya shafi wani yaro da yawancinmu muka taɓa gani a unguwa. Ya kai shekara biyu ko uku, a kira sunansa bai waiwaya ba, alhali kunnensa na ji. Ba ya haɗa ido da mahaifiyarsa, ba ya nuna abu da yatsa. Wani ba ya magana sam, wani kuwa maimaita abin da aka faɗa masa yake yi. Yana iya wuni yana jera duwatsu ko yana juya murfin kwano, ƙarar injin niƙa kuma ta sa shi toshe kunne yana kuka.

Likitoci na kiran wannan lalura otizim, wasu kuma suna cewa galahanga. Wani likita a Amurka mai suna Leo Kanner ne ya siffanta ta a 1943, bayan ya nazarci yara 11. Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa tun yaro yana ciki, kuma gado yana da hannu a cikinsa sosai. A 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin yaro 1 cikin 100 na da ita, an kuma fi gano ta ga maza. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 2 ga Afrilu domin faɗakarwa a kanta tun 2007.

A nan muna jan kunnen magidanta. Sau da yawa uwa ake ɗora wa laifi: a ce ta fita da almuru tana da ciki, ko a ce aljanu sun musanya jaririn, ɗan ruwa ne. Turawa ma sun daɗe suna zargin iyaye mata da rashin nuna ƙauna, har bincike ya rushe wannan magana. Haka zargin da aka yi wa allurar rigakafi a 1998: an gano ƙarya ne, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010. Wanda ya saki mace ko ya wulaƙanta ta saboda halittar ɗanta ya yi zalunci. Ɗaure yaro da igiya ko dukansa don a fitar da aljani cutarwa ce da shari'a ta hana. Addu'a alheri ce, kuma ba ta hana zuwa likita.

Babu ƙwayar da ke kawar da wannan lalura, duk wanda ya ce yana sayar da ita kuɗinku yake so. Abin da aka tabbatar yana taimako shi ne horo tun da wuri, kuma a hannun iyaye. A Ingila an bi yara 152 da aka koya wa iyayen wasunsu dabarun wasa da zance. Sakamakon da aka fitar a 2016 ya nuna amfanin ya ɗore bayan shekaru shida. An gwada irin wannan a Indiya da Pakistan da ma'aikatan lafiya waɗanda ba ƙwararru ba, aka ga alfanu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta tsara horo na zama tara a rukuni da ziyarar gida uku, an kuma gwada shi a Habasha da Kenya. Dalili a fili yake: likita yana ganin yaro sa'a guda, uwa kuwa tana tare da shi safe da yamma.

Farkon aiki shi ne a kai yaron gidan likita mafi kusa, daga can a tura shi asibitin Madawa ko na Tawa idan da buƙata. A duba kunnensa, domin sanƙarau kan bar yaro da kurumta. Idan yana farfaɗiya a faɗa, tana da magani.

A gida kuwa, uwa ta zauna ƙasa daidai fuskarsa, ta shiga wasan da ya zaɓa. Idan murfi yake juyawa, ita ma ta ɗauki nata ta juya, ta ce “murfi”. Idan yana son fura, ta riƙe ludayin kusa da fuskarta, ta ce “fura”, ta ɗan dakata. Ko kallo ya yi, ko ya miƙa hannu, ta ba shi nan take, ta yabe shi. Ta haka zai gane cewa neman abu wurin mutum yana biyan buƙata. A taƙaita magana, kalma ɗaya ko biyu. Wanka da ci da kwanciya su kasance a lokaci ɗaya kullum, domin sauyi na tayar masa da hankali. Sa riga da wanke hannu a koyar da su gaɓa-gaɓa. A kuma rufe rijiyoyi, a sa ido wajen tafki da madatsun ruwa na Keita da kwarin Magiya, saboda da yawa daga irin waɗannan yara ruwa na jan su, kuma ba su san haɗarinsa ba.

Mun san da yawa daga mazajen Adar suna cin rani a Abijan ko Libiya ko Nijeriya. Nisa ba ya sauke nauyi. Uba ya aiko da kuɗin mota zuwa asibiti, ya riƙa kira yana tambayar abin da yaro ya koya, ya umurci danginsa su kama wa uwar aiki. Kaka da abokiyar zama da yayye duka su bi hanya ɗaya. Kada a tura irin wannan yaro almajiranci nesa, inda ba mai gane nufinsa. Malamin allo ko na lakkwal ya zaunar da shi kusa, ya hana tsokana. Azumi kuwa ba a tilasta shi ga wanda bai fahimci ma'anarsa ba.

Waɗansu cikinsu za su yi magana, su yi karatu, su riƙe sana'a. Waɗansu za su buƙaci kulawa har ƙarshen rayuwa. Dukansu amana ce da za a tambaye mu a kanta. Maƙwabci ya kai wa wannan gida abin buɗa-baki, ya bar ƴaƴansa su yi wasa da yaron. Allah Ya ba iyaye haƙuri da lada, Ya raya mana zuriya.